CIWON DA KE SA JIKI YA YAƘI KANSA: ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Miri unguwa ce da ke bakin garin Bauchi, a kan hanyar da ta fito daga Jos. Duk ɗan Bauchin da ya taso daga Kudu ya biyo ta Jos, da ya ga Miri ya san ya iso gida. Kamar sauran unguwannin Arewa, akwai gidaje a nan waɗanda masu su ba sa kwana a cikinsu sai da salla ko da damina, domin suna can Ikko ko Badun ko Fatakwal wajen neman abin rufin asiri. Ta waya suke jin labarin gida, ta waya kuma suke aiko da kuɗin cefane da na magani.

To, a ɗauka ga wani magidanci daga cikinsu, mai sayar da kayan gwari a kasuwar Mil 12 ta Ikko. Ran nan ƙanensa ya buga masa waya ya ce, "Yaya, jikin uwar yaran nan fa ya ƙi." Zazzaɓi ne da kasala. Aka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, ya lafa kwana biyu, ya dawo. Aka ce taifot ne, aka yi allurai. Sai gaɓoɓin yatsunta suka kumbura, gashinta ya fara zubewa, kumatunta suka yi duhu kamar ƙuna. Bayan wata shida ƙafafu ma suka kumbura. A nan ne tsofaffi suka fara ƙus-ƙus, suna cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa mata. Idon jama'a ya koma kan kishiya. Kuɗin da maigida ya yi shekara yana tarawa suka tafi wajen masu karya sammu, zumunci ya lalace, ita kuwa marar lafiya tana nan kwance.

Wannan misali ne kawai, ba labarin wata mace takamaimai ba. Amma alamomin da aka zana duk na wani ciwo ne sananne, wanda yake da suna, yake kuma da magani, wanda a yanzu haka masana a ƙasashe da yawa suke binciken asalinsa ta wata sabuwar hanya.

MENE NE LUFUS?

Likitoci suna rubuta sunan ciwon "lupus", a bakin Bahaushe kuwa sai a ce lufus. Kalmar Latin ce, ma'anarta kyarkeci, domin likitocin Turai na dā sun ga tabon da yake bari a fuska kamar na cizon dabba.

Allah ya halitta wa ɗan Adam sojoji a cikin jininsa, watau fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu shi ne su gane baƙo su kashe shi. Su ne garkuwar jiki. A ciwon lufus waɗannan sojoji ne suke rikicewa, su kasa bambanta ɗan gida da baƙo, su juya makamansu kan fata da gaɓoɓi da jini da ƙoda, wani lokaci har da huhu da zuciya da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa alamominsa suke da yawa, suke kuma kama da na wasu cututtuka. Daga cikinsu akwai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gajiya mai tsanani, da ciwon gaɓoɓi, da zubewar gashi, da gyambon baki, da ƙarancin jini, da yawan ɓari. Akwai kuma wani tabo da kan shimfiɗu a kumatu biyu ya ratsa karan hanci, siffarsa kamar malam-buɗe-littafi. A farar fata ja yake fitowa, a baƙar fata kuwa yakan yi duhu, don haka yana da wuyar ganewa.

Ciwon ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko ta kwanciyar aure. Cikin kowane mutum 10 da ke da shi, wajen 9 mata ne, galibi kuma tsakanin shekara 15 da 45, watau shekarun aure da haihuwa. Maza ma yana kama su: tsohon shugaban ƙasar Filifin, Ferdinand Marcos, ya yi fama da shi har ya mutu a 1989. A nan gida kuwa, 'yar wasan fim ɗin Yarabawa Kemi Afolabi ta fito fili a 2022 ta ce shi ke damunta.

DĀ AN CE BABU SHI A NAN

An daɗe ana koya wa ɗaliban likitanci cewa lufus ba ciwon Afirka ta Yamma ba ne. Wani likita Bature, Brian Greenwood, wanda ya zo aiki Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun a 1965, ya bi takardun majinyatan asibitin na shekaru da dama, ya tarar cututtukan da jiki ke yaƙar kansa ba su da yawa ko kaɗan. Ya buga wannan a mujallar likitoci ta Lancet a 1968. Abin ya ba da mamaki, domin baƙar fatar Amurka, waɗanda kakanninsu daga wannan yanki aka kwashe su, sun fi Turawa kamuwa da lufus, kuma ya fi yi musu tsanani. Greenwood ya yi zaton yawan zazzaɓin cizon sauro ne yake shagaltar da sojojin jiki a nan. A 1970 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa ɓerayen da ke da irin wannan ciwo suna samun sauƙi idan aka sa musu ƙwayar zazzaɓin. A wannan shekara ce kuma ya koma Zariya, inda ya yi shekara goma yana aiki a makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Amma da aka sami likitocin gida waɗanda suka ƙware a cututtukan gaɓoɓi, sai labari ya sake. A 2009 Farfesa Olufemi Adelowo da Dokta Oguntona suka ba da rahoton masu lufus 66 daga cikin majinyata 1,250 da aka gani a wani asibitin gaɓoɓi a Ikko, kusan dukansu mata. A 2023 kuma aka buga wani rahoto da ya haɗa asibitoci 20 daga dukkan shiyyoyin ƙasar nan shida, inda aka ƙirga ɗaruruwan masu lufus tsakanin 2017 da 2020. Waɗannan fa su ne kaɗai waɗanda suka kai ga gaban ƙwararren likita. Ashe ciwon yana nan. Masu gane shi ne suka yi ƙaranci.

HASSANA DA HUSAINA

Tambayar da kowane maigida zai yi ita ce: me ke kawo shi? Gado ne?

Gado yana da hannu, domin akan sami ciwon ya bi dangi, an kuma gano wurare fiye da 100 a cikin ƙwayoyin gado waɗanda ke ƙara haɗarinsa. Amma gado kaɗai bai isa ba, tagwaye ne kuma suka tabbatar da haka. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu kama da juna kamar an tsaga kara, ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne. Da gado ne kaɗai, da duk lokacin da Hassana ta kamu sai Husaina ta kamu. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1992 ya nuna cewa a irin waɗannan tagwaye, kashi 24 cikin 100 ne kawai aka tarar su biyun suna da ciwon. A sauran, ɗaya tana kwance, ɗaya tana lafiya lau.

To, me ya raba su? Amsar wannan ita ce ta kai masana ga ilmin da suke kira efijenetik, kalmar da wani masani ɗan Ingila, Conrad Waddington, ya ƙirƙiro a 1942. Da Hausa ana iya kiransa ilmin wasullan gado.

BABBAƘU DA FARFARU

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san sai an gama babbaƙu ake shiga farfaru. Baƙaƙe su ne ƙashin rubutu, wasulla kuwa su ke nuna yadda za a karanta. A rubutun ajami, idan aka rubuta kaf da ra, aka sa wa kaf wasali bisa, an sami "kara". In wasali ƙasa aka sa, ya zama "kira". In kuwa rufu'a ce, "kura" ta fito. Baƙaƙen ba su sake ba, amma wanda aka aika ya kawo kara, in ya kawo kura, gida ya tashi.

Haka abin yake a jikin mutum. Cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da rubutun gado: baƙaƙe iri 4 ne kacal, amma an jera su har wajen biliyan 3, a cikinsu akwai umarni wajen 20,000. Wannan rubutu iri ɗaya ne a ƙwayar ido da ta hanta da ta jini. Abin da ya sa ido ya zama ido, hanta ta zama hanta, shi ne wasullan da aka ɗora a kan rubutun, masu cewa a karanta nan, a tsallake can.

Wasullan nan iri-iri ne, amma biyu sun fi shahara. Na farko wata 'yar alama ce da ake kira metil, wadda ke manne wa zaren. Idan ta taru a bakin wani umarni, sai umarnin ya yi shiru, kamar an sa masa ɗauri. Na biyu kuwa shi ne yadda aka naɗe zaren, domin a naɗe yake a jikin wasu ƙulle-ƙulle kamar zare a mazari. Inda naɗin ya yi tsauri ba ya karantuwa, inda ya yi sako-sako kuwa ana karanta shi. Duk lokacin da ƙwayar halitta ta rabu biyu, akwai wani sinadari mai aikin magatakarda wanda ke kwafe wasullan ya sa wa sabuwar.

Babban bambancin baƙaƙe da wasulla shi ne, baƙaƙe yadda aka gada haka za a mutu da su, amma wasulla suna sakewa. Abinci yana taɓa su, haka hayaƙin taba, da wasu magunguna, da tsufa. An ga haka a maƙwabta, a ƙasar Gambiya. A yankin Keneba, masu bincike sun nuna a 2010, suka kuma ƙara tabbatarwa a 2014, cewa yaran da aka ɗauki cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma abincin iyaye mata ya sake, alamomin metil ɗinsu a wasu wurare sun bambanta da na yaran da aka ɗauki cikinsu da rani. Wannan bincike ba a kan lufus aka yi shi ba, amma ya nuna cewa abin da ke cikin tukunya yana iya kaiwa har ga wasullan gado.

ƊAURIN DA YA KWANCE

Wanda ya fara haɗa wannan ilmi da lufus shi ne Dokta Bruce Richardson na Jami'ar Mishigan a Amurka. A 1986 ya ɗauki wasu sojojin jini lafiyayyu, irin waɗanda ke ba sauran umarni, ya zuba musu wani magani mai hana alamar metil mannewa. Sai sojojin suka fara kai wa 'yan gida hari. A 1990 ya nuna cewa irin waɗannan sojoji a jinin masu lufus alamar metil ɗinsu ta ragu. A 1993 kuma shi da abokan aikinsa suka ɗura wa lafiyayyun ɓeraye irin sojojin da aka kwance wa ɗauri, sai ɓerayen suka kamu da ciwo mai kama da lufus, har da lalacewar ƙoda.

Akwai kuma wata shaida daga ɗakin magani. Tun shekarun 1950 likitoci sun lura cewa wasu magunguna, idan aka daɗe ana sha, suna jawo wa waɗansu mutane ciwo mai kama da lufus, wanda kan tafi in an daina shan maganin. Biyu da suka fi suna su ne haidiralazin na hawan jini, da furokenamaid na bugun zuciya. A 1988 mutanen Richardson suka gano cewa duka biyun suna rage alamar metil a sojojin jini. A nan sai a yi hattara: allurar haidiralazin da ake yi wa mai ciki a ɗakin haihuwa idan jininta ya hau ƙwarai, ceton rai ce, kuma ta ɗan lokaci ce. Matsalar tana tasowa ne bayan watanni ana shan ƙwayar, a wasu mutane kaɗan. Abin lura a nan shi ne, ciwon da ya zo ta hanyar wasulla ya iya komawa da wasullan suka gyaru.

Sai aka koma kan tagwaye. A 2010 ƙungiyar Dokta Esteban Ballestar a ƙasar Sifen ta gwada jinin tagwaye masu ƙwai ɗaya, inda ɗaya take da lufus ɗaya ba ta da shi. Suka sami umarni 49 waɗanda wasullansu suka bambanta, galibi ɗaurinsu ya kwance a wajen marar lafiyar, da yawa daga cikinsu kuma na harkar garkuwar jiki ne. A 2013 bincike ya ƙara nuna cewa waɗanda ɗaurinsu ya fi kwancewa su ne umarnin da ke amsa kiran intaferon, watau sinadarin da jiki ke fitarwa a matsayin gangar yaƙi idan ƙwayar cuta ta shigo. A jikin mai lufus sojoji a shirye suke su fita ko da an ɗan taɓa gangar ne kawai.

DON ME MATA?

Ilmin wasulla ya taimaka wajen warware wannan ma. Rubutun gado a cikin ƙunshi-ƙunshi yake. Mace tana da wani ƙunshi da ake kira X har guda biyu, namiji kuwa ɗaya gare shi. A 1961 wata masaniya 'yar Ingila, Mary Lyon, ta bayyana cewa jikin mace yana kulle ɗaya daga cikin biyun, don kada a karanta umarni ɗaya sau biyu. Da alamar metil da sauran wasulla ake riƙe wannan kulli. A cikin ƙunshin X kuwa akwai umarni da yawa na harkar yaƙi.

A 2007 Dokta Qianjin Lu na ƙasar Sin, tare da Richardson, suka nuna cewa a mata masu lufus wani umarnin yaƙi da ke cikin ƙunshin da aka kulle ya kwance, har ana karanta shi ta fuska biyu. A 2008 wani bincike a Amurka ya nuna cewa mazan da aka haifa da ƙarin X sun fi sauran maza kamuwa da lufus wajen sau 14, watau sun kusa kamo mata. A 2024 kuma ƙungiyar Farfesa Howard Chang ta Jami'ar Stanford ta nuna cewa kayan da jiki ke amfani da su wajen yin kullin, su kansu suna iya tsokano sojojin jini. Saboda haka ciwon yana bin halittar mace ne, ba laifin da ta yi ba, ba kuma aikin wata ba.

NEMAN MAGANI

Allo ana wanke shi a sake rubutu. Wannan shi ne fatan masu binciken: in wasulla ne suka karkace, a gyara su. An riga an sami magungunan da ke taɓa wasullan gado, amma na ciwon daji ne. A Amurka an amince da azasitidin a 2004, da borinostat a 2006.

An gwada irinsu a ɓeraye masu lufus. A 2003 wasu masana a Amurka suka ba ɓerayen magungunan da ke sake yadda zaren gado yake a naɗe, sai ciwon ƙodarsu ya ragu. A 2019 Dokta Amr Sawalha da abokan aikinsa suka ba irin waɗannan ɓeraye maganin da ke danne wani sinadari mai sa wasulla, wanda ya yi yawa a jinin masu lufus. Ɓerayen suka fi 'yan'uwansu tsawon rai, ƙodarsu kuma ta fi lafiya.

Amma ɓera daban, mutum daban. Har yanzu babu wani maganin wasulla da hukumomin magunguna suka amince a ba mai lufus. Dalili kuwa shi ne, magungunan da ake da su ba sa zaɓe: ana son a gyara wasali ɗaya, su kuwa sai su zuba wa allon ruwa gaba ɗaya, su shafi ɓargo da sauran sassan jiki. Mai karatu zai tuna cewa irin wannan magani ne ma ya rikita sojojin jini a gwajin 1986. Abin da ake nema shi ne alƙalami mai tsini wanda zai je kan baƙi ɗaya. A 2021 masana a Amurka sun ba da labarin wata dabara ta sa alamar metil a daidai wurin da aka zaɓa ba tare da an taɓa baƙaƙen ba, amma a ƙwayoyin halitta na ɗakin bincike aka nuna ta.

Inda aka fi kusa da cin moriya shi ne wajen gane ciwon. A 2016 ƙungiyar Dokta Lu a birnin Changsha ta gwada jinin masu lufus fiye da 1,000, ta nuna cewa auna alamar metil a wuri ɗaya tak yana bambanta mai lufus da lafiyayye fiye da sau 90 cikin 100. Alamar ta fi raguwa a waɗanda ciwon ya taɓa ƙodarsu, tana kuma ƙaruwa idan ciwon ya lafa. In irin wannan gwaji ya yi araha har ya iso asibitocin ƙasar nan, zai rage watannin da ake ɓatawa ana maganin taifot.

Sai dai akwai gyara. Kusan duk waɗannan bincike a kan Turawa da mutanen Sin da baƙar fatar Amurka aka yi su. Sawalha da mutanensa kuwa sun nuna a 2015 cewa wasullan sojojin jini sun bambanta tsakanin farare da baƙaƙen Amurka tun suna lafiya. Macen da ta tashi cikin ranar Bauchi, tana cin tuwon dawa da miyar kuka, ta kuma sha zazzaɓin cizon sauro tun tana goye, sai an auna nata kafin a ce awon wasu ya dace da ita. Tambayar da Greenwood ya tayar a Badun a 1968, a jinin mutanen ƙasar nan amsarta take. Wannan aiki ne da ke jiran jami'o'in Bauchi da Zariya da Kano da Maiduguri, da gwamnatocin da ya kamata su ba su kuɗin yinsa.

MAGANIN DA KE HANNU

Kada jiran maganin gobe ya sa a manta da na yau. A shekarun 1950, wajen rabin masu lufus ba sa wuce shekara 4 bayan an gane ciwon. A yau, a ƙasashen da ake samun kulawa sosai, fiye da kashi 90 cikin 100 suna wuce shekara 10.

Ginshiƙin maganin kuwa tsohon sani ne. Tun 1894 wani likita a Landan ya ga kwini yana taimaka wa tabon lufus. Daga zuriyarsa aka sami kulorokwin, wanda Nijeriya ta sauke daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro wajen 2005, da kuma ƙanensa haidiroksikulorokwin, wanda aka fara amfani da shi a 1955. Wannan ƙanen shi ne ake ba kusan kowane mai lufus; yana rage tashin ciwon, yana kare ƙoda, ana kuma ci gaba da shansa ko da ciki. Likita ne zai yanke yawansa, za a kuma riƙa duba ido lokaci-lokaci. A 2020, da aka yi ta yaɗa cewa yana maganin korona, jama'a suka wawashe shi, masu lufus a ƙasashe da dama suka rasa, a Ikko kuma aka kwantar da mutane saboda sun sha kulorokwin fiye da kima.

Bayansa akwai firedinisolon da danginsa, masu kwantar da ciwo da sauri, amma masu illa in an daɗe ana sha da yawa, masu haɗari kuma in an daina farat ɗaya. Sai magungunan danne garkuwar jiki idan ciwon ya kai ga ƙoda. Akwai sababbi irin su belimumab na 2011 da anifrolumab na 2021, wanda ke toshe kiran intaferon, amma tsadarsu ta fi ƙarfin talaka.

SAƘO ZUWA GIDA

To, mai karatu da ke Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ko Shagamu, idan irin waccan waya ta zo daga gida, ga abin yi. Zazzaɓin da aka yi wa magani sau biyu sau uku bai tafi ba, ga ciwon gaɓoɓi, ga zubewar gashi ko tabon fuska, musamman a mace mai shekarun haihuwa, babban asibiti yake bukata. Daga Miri zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kafa a 2010 a cikin garin Bauchi, tafiyar keke-napep ce. A gaya wa likita dukkan alamomin tun daga farko, a kai masa kwalayen magungunan da aka sha. Akwai gwajin jini da ake kira ANA wanda ke taimakawa wajen ganewa. Akwai kuma gwajin fitsari mai araha wanda ke nuna ko ƙoda ta fara zubar da furotin. Fitsari mai kumfa da kumburin ƙafa ko fuska alama ce ta gaggawa, domin kuɗin wankin ƙoda na 'yan makonni ya fi na gwajin fitsari na shekaru.

Wadda aka tabbatar tana da ciwon ta guji zafin rana, don rana tana tayar da shi. Mayafi da doguwar riga da inuwa duk taimako ne. A nisanta ta da hayaƙin taba da ƙurar fasa dutse, domin an san duka biyun suna ƙara haɗarin ciwon. Kada ta daina magani don ta ji sauƙi, lufus kwanciya yake yi ya tashi. Tana iya haihuwa, amma likitoci suna son ciwon ya lafa wajen wata 6 kafin ta ɗauki ciki, kuma wasu magungunan sai an canza su tukuna saboda suna cutar da ɗan tayi. Wannan shawara ce da sai da haɗin kan maigida. Duk kuma wanda ya zo da kwalba ya ce yana da maganin gyara gado ko raba mutum da lufus har abada, kuɗi yake nema.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, Allah da ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Abin da ba shi da amfani shi ne zargi. Ranar 10 ga watan Mayu ta kowace shekara, tun 2004, ita ce aka ware a duniya don wayar da kan jama'a game da lufus. Kafin ta zagayo, ya kamata sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da limaman masallatansu su isar da labarin nan ga waɗanda jarida ba ta kai gare su ba, su kuma su kai shi gida. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.